Fukafukan Ƙoƙi a Taron Yaba

Ɗiyar yayana ce ta fara kawo mini maganar, wata ranar Talata da yamma, ina tsakiyar yanka shaddar wata amarya a shagona da ke Agege a Ikko. Ta tsaya a bakin teburin yanka, ta jira har na ajiye almakashi, sannan ta miƙo mini wayarta ta ce, "Gwaggo, za ki iya ɗinka mini irin wannan?" Hoton wata budurwa ce sanye da doguwar riga, da kambin furanni a kanta, a bayanta kuma ga fukafukai huɗu shara-shara irin na mazari, waɗanda hasken rana ke ratsawa. Ta bayyana mini cewa akwai wani taro na kwana biyu, Asabar da Lahadi, da wasu matasa masu sha'awar zane da labaran almara suka shirya a wani zaure a Yaba, kuma jigon taron shi ne waɗannan halittu na tatsuniyoyin Turawa da suke kira feri, don haka kowa zai zo da shigar da ya haɗa da hannunsa.

Ɗinkin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda zan faɗa wa mahaifinta, domin da na nemi kalmar da zan kira waɗannan halittu da Hausa, ban sami wadda ta wuce aljanu ba. Da daddare, bayan sallar isha'i, na same shi yana cin tuwo, na ce, "Yaya, akwai taron masu sha'awar labaran aljanun Turawa, yarinyar nan tana son zuwa, ni kuma zan raka ta." Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya dube ni ya ce aljanu ba abin wasa ba ne. Ban yi masa gardama ba, domin gaskiya ya faɗa. Aljanu a wurinmu halittar Allah ce, an halicce su daga harshen wuta kamar yadda ya zo a Suratur Rahman, suna da sura guda da sunansu, ta 72 a cikin Alƙur'ani, kuma an ɗora musu bauta kamar yadda aka ɗora mana. Wanda ya tashi a gidan da ake hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bismilla ba, ake kuma kiran yara su shiga ɗaki da almuru, ba zai ji an ce za a yi shigar aljanu ya saki jiki ba. Na roƙe shi ya bar mu mu je, da alkawarin cewa ba zan rabu da ita ba, kuma duk abin da na gani wanda bai dace ba zan kamo hannunta mu dawo. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Kwana uku na yi a kan fukafukan. Na sayo farin yadin net da ƙananan duwatsun ado a kasuwar Oshodi, na tattara wayoyin rataye kaya guda takwas, na miƙar da su da filaya, na lanƙwasa su bibbiyu har suka ba ni siffar ganye. Wahalar tana wajen ɗame yadin a jikin wayar, domin idan aka ja shi da ƙarfi wayar takan karkace, idan kuma aka sassauta sai ya yi tattara kamar tsohon gidan sauro. Keke ba ya shiga wannan aiki, da allura da zare na bi gefen gaba ɗaya, sannan na manna duwatsun da gam a layi-layi don su yi kama da jijiyoyin fiffike. Na haɗa su huɗun a kan wani ɗan kwali mai kauri da na lulluɓe da yadi, na sa masa roba biyu da za a zura hannu kamar jakar makaranta, yadda za su zauna a kan hijabinta ba tare da sun ɗage shi ba. Ranar Asabar da safe muka sa su a jakar bakko, muka hau danfo zuwa Oshodi, muka sake hawa wata zuwa Yaba, jakar tana kan cinyata ina kare ta da hannu biyu daga cunkoso.

Taron ba babba ba ne. Waɗanda suka saba zuwa Lagos Comic Con, taron masu sha'awar littattafan zane da aka fara yi a garin nan a 2012, sun ce wannan ko kusa bai kai shi ba, kuma a ganina ƙanƙantarsa ce ta sa aka sami damar zama a saurari juna. An jera tebura a jikin bango, wasu suna sayar da littattafan zane da suka buga da kansu, wasu kunnuwan roba masu tsini, wasu kambin furanni da sarƙoƙin duwatsu. Akwai masu fukafukan malam-buɗe-littafi, akwai na jemage, akwai wani saurayi da ya yi nasa da ganyen ayaba busasshe ya shafe shi da fenti ruwan zinariya, wanda ni a matsayina na tela na tsaya na daɗe ina kallon yadda ya ɗinke tsakiyarsa da zaren buhu. Akwai kuma abin da bai kwanta mini ba. Shigar wasu ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma a wani lungu na ga teburin da ake baje wasu katuna masu hotuna ana gaya wa mutane abin da zai same su, wanda ko da sunan wasa aka yi shi, duba ne, don haka na kama hannun yarinyar muka canza hanya. Da lokacin azahar ya yi, masu shirya taron suka buɗe mana wani ƙaramin ɗaki muka yi salla tare da wasu 'yan mata Yarabawa uku, duk mun jingine fukafukai a bakin ƙofa.

Bayan azahar ne aka yi zaman da ya sa nake wannan rubutu. Wata matashiya ta tsaya ta yi bayanin asalin waɗannan halittu, kuma tun daga jimlarta ta farko na gyara zama. Ta ce a ƙauyukan Ailan da Skotland na da, ba wanda yake ɗaukarsu a matsayin abin sha'awa, tsoronsu ake yi, har ba a son ambaton sunansu kai tsaye, sai a ce mutanen kirki ko maƙwabtan kirki, don kada a tsokano su. Nan take na tuna kakarmu, wadda ban taɓa jin ta ce aljanu ba, kullum mutanen ɓoye take cewa, tana rage murya. Matashiyar ta ci gaba da cewa an yi imani suna zama a cikin tuddai da gindin wasu bishiyoyi masu ƙaya, kuma manomi yakan kewaye irin wannan bishiya da garmarsa ya bar ta a tsakiyar gona. Har a shekarar 1999, da ake gina wata babbar hanya a gundumar Clare ta ƙasar Ailan, wani mai ba da tatsuniya, Eddie Lenihan, ya tsaya kai da fata a kan kada a sare wata irin wannan bishiya, kuma aka bar ta tsaye a gefen hanyar. Duk wanda ya san yadda ake kaffa-kaffa da tsohuwar tsamiya ko kuka a garuruwanmu, yadda ake hana yara zama a gindinta da tsakar rana, zai gane wannan labari ba tare da an yi masa tafinta ba.

Fukafukan ma, in ji ta, ba na asali ba ne. A tsofaffin labaran ƙauye waɗannan halittu sukan zo da girman mutum ko na yaro, ba su da fiffike, masu zane da marubuta na ƙarni na 18 da na 19 ne suka ƙanƙantar da su, suka manna musu fukafukan ƙwari, suka mayar da su abin ado a littattafan yara. Ta nuna mana hotunan Cottingley, wani ƙauye a arewacin Ingila, inda a 1917 wasu 'yan mata biyu 'yan'uwan juna, Elsie Wright da Frances Griffiths, suka ɗauki hoton kansu tare da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu rawa. Marubucin nan Arthur Conan Doyle ya gaskata hotunan har ya wallafa su a mujalla a 1920, kuma sai a 1983, bayan sun tsufa, matan suka amsa cewa zane ne suka yanka a kwali suka kafe da alluran hula. Ɗiyar yayana ta matso kusa da ni ta ce, "Gwaggo, ashe su ma ɗinkawa aka yi." Na gyaɗa mata kai, amma hankalina yana kan abin da ya biyo baya.

Abin da ya biyo baya shi ne maganar musanya. Mutanen can sun yi imani cewa waɗannan halittu sukan sace jariri lafiyayye su bar nasu a madadinsa, ko su ɗauke matar aure su bar mai kama da ita. A watan Maris na 1895, a gundumar Tipperary ta ƙasar Ailan, wata mata mai suna Bridget Cleary ta kwanta rashin lafiya, mijinta ya haƙiƙance cewa ba matarsa ba ce, musanya aka yi masa, ya ƙone ta a gaban danginta, aka kuma yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 20. Tela ce, tana da keken ɗinkinta, shekarunta ba su kai talatin ba. Da na ji sana'arta sai jikina ya yi sanyi, kuma na kasa hana kaina tuna wata maƙwabciyarmu a garinmu lokacin ina ƙarama, wadda ɗanta ya kai shekara uku bai iya zama ba, wuyansa ba ya tsayawa, yawu yana zuba a bakinsa. Na ji da kunnena manya suna cewa mutanen ɓoye ne suka musanya shi, na kuma ga yadda mata suka daina ɗaukarsa, suka bar uwar ita kaɗai da shi a goye tana daka. Sai da na girma na san cewa doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi a kan lokaci, ko shawara mai tsanani da ta kama shi a kwanakin farko ba a kai shi asibiti ba, suna iya taɓa ƙwaƙwalwa su bar yaro a wannan hali. Yaron nan ɗanta ne, ba wanda ya musanya shi, kuma har yau ina jin nauyin cewa ni ma ina cikin yaran da suke gudu idan ta sauke shi a tabarma. Imani da samuwar aljanu daban, jingina musu kowace cuta da ba mu gane ba daban, kuma na biyun nan ya cuci mata da yara a Ailan kamar yadda ya cuce su a wurinmu.

Da aka buɗe fili don tambayoyi, wani dattijo Bayarabe ya tashi ya ce ba sai an je Turai ba, dajin ƙasar Yarabawa cike yake da irin waɗannan halittu. Ya ambaci egbere, ɗan gajeren nan da ke yawo a daji da dare yana kuka, ɗauke da 'yar tabarmarsa, wadda ake cewa duk wanda ya ƙwace ta ya jure abin da zai biyo baya zai yi arziki. Ya ce marubucin Yarabanci D. O. Fagunwa ya zuba irin waɗannan halittu a littafinsa na 1938, wanda Wole Soyinka ya mayar Turanci a 1968, kuma na lura cewa matasa da yawa a zauren sun san su, har wasu sun zana su a littattafan da suke sayarwa. Sai mai gabatarwa ta waiwaya ta tambaya ko akwai wanda zai faɗi na Arewa. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a wurin, gwargwadon abin da na gani. Na dubi yarinyar, ta dube ni, na ga a idonta cewa ba ta da abin faɗa, ni kuma kunya ta hana ni tashi, har aka wuce zuwa wani batu.

Wannan shiru ya bi ni har gida. A cikin mota na tambaye ta ko ta san Gizo, ta ce ta san gizo-gizo mai saƙa. Na ce mata, "Ga ta nan, ga ta nanku," na jira, ba ta san cewa ana amsawa da "Ta zo mu ji ta" ba. A Agege aka haife ta, tana jin Hausa da Yarabanci da Turanci, ta san sunayen halittun Turawa da na Japan da ban taɓa ji ba, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita a tsakar gida da farin wata ya yi mata tatsuniya, kuma laifin ba nata ba ne, namu ne da muka taso da abin muka bar shi a gida da muka zo Ikko neman abinci. Ba kuma za a ce ba a rubuta ba, domin tun tsakanin 1911 da 1913 wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga manyan littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa da malamai suka rubuta masa, daga baya kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu don 'yan makaranta. Suna nan a takarda, bakin da zai faɗe su ne ya yi ƙaranci.

A daren na gane amsar da ya kamata in ba yayana tun farko. Hausa ta riga ta raba abubuwan nan biyu da kanta. Aljanu suna ɓangaren imani, ba a shigarsu, ba a wasa da su. Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami kuwa 'yan tatsuniya ne, ita kuma tatsuniya ba ta taɓa ɓoye cewa ƙirƙira ce, tunda mai yin ta yakan rufe da cewa ƙurungus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce na shirga muku. Abin da matasan Yaba suke yi da fukafukansu a wannan ɓangare na biyu yake, kuma a nan muna da kaya masu yawa. Sai na tuna cewa sunan matar Gizo ɗaya ne da na ƙoƙi-ƙoƙi, koren ƙwaron nan mai dogon wuya da ke haɗa hannuwansa biyu a gaba, wanda shi ma fukafukai gare shi.

Na buɗe shago da ƙarfe tara na dare, na kunna fitila mai caji, na ciro ragowar wani koren mayafi shara-shara da wata ta bari, na warware manyan fukafukan biyu na sama, na matse wayar ta yi siriri, na lulluɓe su da koren, na karkatar da su ƙasa yadda za su kwanta a bayanta maimakon su baje. Ina ɗinki ina yi mata tatsuniyar Gizo da hankaki, yadda aka yi yunwa, hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar kogi, Gizo ya yi ta roƙonsu da tsamin bakinsa har kowanne ya cire gashi ɗaya ya ba shi, aka haɗa masa fukafukai ya tashi tare da su. Da suka sauka a kan ɓauren, duk wanda hankaka ya kai baki zai tsinka sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani, har ransu ya ɓaci, kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan reshe, ruwa ta ko'ina. Ina cikin ba da labarin na ji an yi gyaran murya a bakin ƙofa. Yayana ne, ya zo kiran 'yarsa, kuma ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya ce na tsallake wurin da Gizo ya je ɗibar wuta gidan hankaki ya ga ɓauren, sannan ya shigo ya zauna a kan benci ya ƙarasa mata sauran, har zuwa inda Gizo ya faɗa ruwa ya iske kada, ya ce shi ɗan'uwansu ne, aka ba shi gadin ƙwai ya cinye. Ya yi muryar Gizo yana mayar da ruwa yuwa, daidai yadda kakarmu take yi, yarinyar tana dariya har da hawaye. Ban taɓa jin ya yi wannan murya ba tun muna yara.

Ranar Lahadi ta shiga zauren da koren hijabi da koriyar doguwar riga, siraran fukafukan suna kwance a bayanta, hannuwanta biyu a haɗe a ƙirji. Mutane suka yi ta tambayarta wace ce, ita kuma tana amsawa cewa Ƙoƙi ce matar Gizo, tana ƙara bayanin da ta koya a daren jiya. Da aka zo zaman ba da labari da yamma, ita ce ta ɗaga hannu ta ce gwaggonta tana da tatsuniya. Na ce mata da rana ne, sai an ɗaure Gizo tukuna, kamar yadda kakarmu take ƙulla bakin zanenta idan muka matsa mata kafin dare, don haka na ƙulla gefen mayafina a gaban kowa, ita kuma ta bayyana musu dalili. Ta koya wa zauren amsa, na ce ga ta nan ga ta nanku, Yarabawa da Ibo da sauransu suka amsa da ta zo mu ji ta, kowa da irin lafazinsa. Ina faɗa da Hausa jimla-jimla, tana juya musu da Turanci, kuma da aka zo wurin da hankaki suka zare gashinsu sai na ga wasu suna taɓa nasu fukafukan suna murmushi. Dattijon nan na jiya ya ce su ma suna da irin wannan labari, amma a wurinsu kunkuru ne tsuntsaye suka ara wa gashi.

Kafin mu fito, saurayin nan mai ganyen ayaba ya same ni ya tambayi yadda kamannin Gizo suke, domin yana son ya zana shi. Na tsaya ina tunani, saboda a tatsuniya Gizo yana noma, yana aure, yana zuwa fada gaishe da sarki, ba a taɓa gaya mana ko ƙafafunsa biyu ne ko takwas ba, kowane yaro da irin wanda yake gani a ransa. Na gaya masa haka, na ce ya ba ni lokaci in tambayo. Akwai ƙanwar kakarmu da ta rage a gida, idonta ya yi rauni amma kanta garau yake, kuma yayana ya riga ya yi magana da ɗanta a kan a riƙa ɗaukar muryarta a waya duk daren Juma'a ana turo mana. Saƙon farko ya iso shekaranjiya, minti goma sha ɗaya, tatsuniyar Dodo da yarinyar da ta ƙi auren kowa sai wanda ba shi da tabo a jiki, ana jin kukan akuya a bayanta. Koren fukafukan suna rataye a ƙusa a bangon shago, kusa da madubi, kuma yara biyu daga layinmu sun riga sun zo sun tambaya ko zan ɗinka musu na hankaka.